Kwana Huɗun da Suka Rage a Hutun

"Kar ka ja tukuna, Bakano. Bari ya haɗiye."

Munzali bai saurari Alhaji Mahamane ba, ya danna rimot. Igiyar fatsar ta tsinke, ƙaton kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse, ɗan yaron da ke cikin talabijin ya dafe kai da hannu biyu a bakin rafin.

Alhaji Mahamane ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kun gani ko? Bakano ko a wasa sai ya yi gaggawa, kamar za a tashi kasuwar Kwari."

"Ai gara ni. Kai da ka taso a Damagaram, ina ka taɓa ganin rafi balle kifi?"

Haka suke kullum bayan la'asar. Munzali mai haɗa magunguna ne a wani kemis a Germantown da ke Amurka, shekararsa hamsin da biyu, shi kaɗai yake zaune tun da aurensa ya mutu. Alhaji Mahamane kuwa tsohon direban tasi ne, ya ba shi shekara goma sha biyar. Ƙofarsu na kallon juna a hawa na biyu na wani dogon gini a Beltsville. Bakano da Badamagare abokan wasa ne tun kaka da kakanni, to su kuma sun ɗauki abin da muhimmanci fiye da kowa, ko gaisuwa ba sa gamawa ba a tsokani wani ba.

Gem ɗin, wato wasan talabijin ɗin, 'yar Alhajin ce ta kawo masa, wai ya rage zaman shiru. Na Japan ne, zanensa irin na katun ɗinsu. Babu harbi a ciki, babu wanda ke bin wani da gudu. Yaro ne kawai aka kai ƙauyen kakarsa hutun makaranta na wata guda. Ya tashi da safe, ya ɗauki raga ya bi malam-buɗe-littafi, ya kama buzuzu, ya je kamun kifi, da yamma kakar ta ƙwala masa kira ya zo ya sha kankana a baranda. Ranar da Munzali ya fara gani cewa ya yi, "Alhaji, da girmanka?" Bayan minti ashirin shi ke roƙon a ba shi rimot.

Suka yi ƙa'ida: rana ɗaya ta gem a kowace rana ta Allah, daga ɗaya ga Agusta zuwa talatin da ɗaya, kuma babu mai wucewa gaba shi kaɗai. Yau suna ta ashirin da bakwai.

"Wannan kukan gyaren," in ji Alhaji, ya jingina kai da kujera ya lumshe ido, "sak na garinmu da damina. In an ba mu bakans daga lakwal, hutun makaranta ke nan, tsohuwata sai ta tura ni gona wajen kakana. Mu wuni a tafki, mu dawo jiki duk ya yi furu-furu, a zane mu, gobe mu koma."

Munzali ya dube shi da kyau. Jallabiyar ta yi masa yawa, wuyansa ya fito, farin idonsa ya ɗan sauya. Ba yau ya fara lura ba. Sau uku yana tambaya, sau uku ana ce masa suga ce ke wahalar da shi. Ya ce a kawo masa magungunan ya duba, Hajiya Rakia, matar Alhajin, ta kawo kwalba biyu, na suga da na hawan jini, duk daidai.

"Alhaji," ya ce, ya ajiye rimot ɗin. "Gobe zan tafi Houston, sunan jikata. Ran Lahadi zan dawo. Amma in akwai wani abu, gaya mini yanzu, in fasa. Afnan 'yata ce, za ta fahimta."

"Wane abu kuma?"

"Ka san abin da nake nufi."

Ya sani kuwa. Munzali ya taɓa ba shi labarin a wannan kujerar. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a nan Amurka mahaifinsa ya rasu a Kano, dangi suka haɗa baki suka ɓoye masa wata biyu cur, wai kada jarrabawa ta lalace. Yana kira ana ce masa Baba ya tafi masallaci, Baba ya je ƙauye. Har yau bai gama yafe wa yayyensa ba. Ranar da ya ba da labarin, Alhaji ya kama hannunsa ya ce, "Mu nan ba za mu yi maka haka ba. Komi ya faru, kai ne na farkon ji."

Yanzu ma hannun ya kama. Tafinsa da zafi, ba nauyi.

"Da sauƙi, wallahi da sauƙi. Je ka ka ci naman suna. Ka kawo mini kilishi in Kanawan can sun iya. Kifin nan yana nan yana jiranka, ni ma ba inda za ni."

Hajiya Rakia tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Allah ya raya, Malam Munzali. A gaida mai jego." Sai ta juya da sauri ta koma ciki.

Ran Juma'a da yamma ya kira daga Houston, ana ta hayaniyar baƙi a bayansa. Wayar Alhaji ta yi ta ƙara, can Hajiya ta ɗauka. Ta ce lafiya lau, Alhaji yana hutawa, ya ce a gaishe shi. Ta tambayi sunan jaririya, ta yi addu'a mai tsawo. Ya ji muryarta a dushe, ta ce mura ce, sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

Lahadi da azahar ya sauka daga mota a gaban gininsu, zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Jaka a kafaɗa, ledar kilishi a hannu. A ƙasan bene ya haɗu da Joel, mutumin Jos da ke zaune a hawan ƙasa, yana fitowa da kwandon wanki. Joel ya ajiye kwandon, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Sannu, Oga Munzali. Sai haƙuri. Mutumin kirki ne."

"Wa?"

Joel ya saki hannun a hankali. "Ba su gaya maka ba?"

Munzali ya ɗaga kai. Daga inda yake yana hango takalma a saman bene, sun cika gaban ƙofar Alhaji har sun taɓo tasa.

"Yaushe?"

"Alhamis da rana. Jini ne ya ɓalle masa. Juma'a bayan masallaci aka kai shi." Joel ya share goshi. "Ai tun watan biyar likitoci suka ce kansar hantar ta wuce magani. Ni nake kai shi asibiti in kana wurin aiki. Na ɗauka kai ka fi kowa sani."

Juma'a bayan masallaci. Wato lokacin da Hajiya ke tambayarsa sunan jaririya, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba.

Ya hau benen. Bai san yadda aka yi ya cire takalmi ba. Falon cike da maza, an ture kujeru an shimfiɗa darduma, direbobin Nijar a gefe ɗaya, likitoci da injiniyoyin da ke zaune a unguwar Mitchellville a ɗaya gefen, an lulluɓe talabijin da zane. Ya zauna, aka yi addu'a, ya shafa. Kowa ya miƙo hannu sai ya ce, "Ya haƙuri? Ai kai ne babban mai rashi." Kuma a fuskar kowa yana ganin abu ɗaya, duk sun sani. Liman ya sani. Masu tasi sun sani. Joel da ba ya ko shiga gidan ya sani. Shi da yake shan shayi a kofin mamacin kullum, shi aka mayar yaro.

Wani dattijo ya matso ya ce masa a hankali, "Ka yi haƙuri da rashin kiranka. Ba a gaya wa matafiyi mutuwa a hanya, balle mai hidimar suna. Mu muka hana."

"Jirgi awa uku ne," in ji Munzali. "Awa uku, Baba. Da na sami salla."

Dattijon ya ce Allah ya riga ya rubuta waɗanda za su tsaya a sahun. Munzali ya miƙe ya fita, don in ya buɗe baki abin da zai fito ba na zaman makoki ba ne.

Sai bayan kwana biyu, da mutane suka ragu, Hajiya Rakia ta aiko a kira shi. Da hantsi ne. Tana zaune a ƙasa kan darduma cikin hijabin takaba, carbi a hannu. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta kamar baƙo.

"Shigo mana, Malam Munzali. Gidanku ne."

"Da na ɗauka haka ne, Hajiya."

Ta sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu bayan kujera ta jawo wata babbar kular abinci, ta buɗe. Cike take da kwalaben magani. Kallo ɗaya ya yi musu ya gane, shekara ashirin da biyar yana ba mutane irinsu.

"Da ka ƙwanƙwasa nake kwashe su in zuba a nan," ta ce. "Shi ya sa kullum nake daɗewa ban buɗe ba."

"Na tambaye shi, Hajiya. Ido da ido na tambaye shi, ya rantse mini. Ke ma na tambaye ki a waya, yana cikin ƙasa, kika ce yana gaishe ni. Ya san abin da aka yi mini a kan mahaifina. Ya riƙe hannuna ya yi alkawari. Wallahi an ci amanata, kuma a gidan da ban taɓa zato ba."

"An ci," ta ce. "Ba zan musa ba. Na waya laifina ne da na dattawa, ka yafe mini. Na ciwon kuwa shi ya hana. Na yi magana har na gaji."

"Saboda me?"

Ta ja carbi biyu kafin ta amsa. "Cewa ya yi kowa ya shigo gidan nan dubiya yake zuwa. A zauna a yi tagumi, a yi masa sannu, a kawo ruwan addu'a, a kawo sunan wani likita. Ya ce Bakano ne kaɗai ke shigowa ya zage shi. Ya ce ranar da ka sani, ka daina zuwa wasa ke nan, kai ma ka koma mai dubiya. Ya ce a bar masa awa ɗaya a rana da ba shi da ciwo."

Munzali ya zauna a hannun kujera. Maganar ta shige shi, amma ba ta sanyaya komai ba.

"Shi ya sami awarsa," ya ce. "Ni fa? Wata uku ina ce masa tsohon banza, ina ce masa ragon Damagaram. Ko sau ɗaya bai bar ni na ce Alhaji ka yafe mini ba. Kowa ya yi sallama da shi, har Joel."

Hajiya ta nuna talabijin da carbinta. "Ya ce na'urar wasan taka ce. Ka ɗauka yau, kafin masu rabon kaya su zo."

Ya yaye zanen. Niyyarsa ya cire wayoyin ya tafi, amma hannunsa ya riga shi, ya kunna. Kiɗan nan mai sanyi ya tashi. Kullum Alhaji ke kunnawa kafin ya shigo, shi bai taɓa ganin shafin farko ba. Ashe ajiya biyu ce a ciki, kowacce tana riƙe da inda aka tsaya a wasan. Ta sama an rubuta BAKANO, rana ta ashirin da bakwai. Ta ƙasa babu suna, rana ta talatin da ɗaya, an gama, kuma kwanan watan da ke jiki na Yuli ne.

"Ya gama shi," ya ce. "Tun kafin mu fara."

"Da safe yake yi, in ka tafi aiki. Ya ce bai san ko zai kai ƙarshen wata ba, kuma yana so ya ga yadda yaron zai koma gida." Ta goge ido da gefen hijabi. "Ranar da ya gama, ya daɗe a bayi yana wanke fuska."

Wato duk ihun murnar da yake yi in sun gano sabuwar hanya a dajin, duk musun da suke yi kan inda buzuzu ke ɓuya, ya riga ya sani. Zama kawai yake yana kallon Munzali yana nema.

Ya danna ajiyarsu. Gari ya waye a ƙauyen, rana ta ashirin da takwas. Yaron ya fito baranda da hular kaba da raga a kafaɗa, ya tsaya yana jiran a nuna masa inda zai nufa.

Munzali ya ɗora rimot ɗin a hannun kujerar Alhaji, ya harɗe hannuwansa. Hajiya ta ci gaba da jan carbi. Yaron ya tsaya, ya tsaya, ya sosa ƙafa da ƙafa. Da ya ga babu mai taɓa shi, sai ya jingine ragar a bango, ya zauna a bakin baranda yana lilo da ƙafafu, yana kallon hanya.