Sifilin Malama Taiba

Malama Taiba ta daɗe tana koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata a Talata Mafara, amma kanta bai taɓa kullewa ba sai da ta ɗauko digiri na biyu. Ga hutun karatunta ya kusa ƙarewa. In Dakta Mas'udu, mai duba kundinta, bai sa hannu a wannan zangon ba, aji za ta koma hannu rabbana.

Aikin da ya ba ta, a baki ba wuya. A tsohon fiziks akwai ƙananan ƙwayoyi masu juyi dama da masu juyi hagu, kuma dokarsu tana da wani daidaito da ke tsare kowane ɓangare. Saboda haka tazarar yawan na dama da na hagu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Canjinta sifili ne. Dakta ya ce ta shiga da wannan doka fiziks na kwantam, inda ƙwayoyi ke ɓulla su ɓace, ta ga ko za ta fito lafiya.

Ina fa lafiya! Duk sanda ta kai ƙarshen lissafi, sai ga wani ɗan saura ya tsaya ƙememe inda sifili ya kamata ya zauna. Ta bi ta gaba, ta biyo ta baya, yana nan. Ta kore shi daga wannan layi, ya leƙo ta wancan, kamar ruwan madatsar Bakolori in an toshe masa hanya a fadamar shinkafa. Har miya ta ƙone mata tana tunaninsa. Ita dai ta rasa gane ko lissafin ne ya haukace ko ita.

Ta kai kuka wurin abokin aikinta Malam Bawa, mutumin Bakura, wanda ke riƙe da ɗakin gwaji. Shi kuwa gwani ne a wata sana'a da malaman kimiyya suka sani ba sa faɗa: in awon ɗalibai ya saɓa wa littafi, sai a ɗan taɓa awon.

"Haba Malama, ke da kanki?" ya ce yana dariya. "Mi littahi yac ce? Sihili? To ba shi sihili nai, ki huta."

Zuciyarta ba ta so ba, amma gajiya ta ci ƙarfinta. Ta sami wani layi a tsakiya, ta juya alama ɗaya, saura ya cinye kansa. Shafin ya yi kyau har ya ba ta tsoro.

Ranar Asabar ta bi mota zuwa Maradun, inda Dakta ya zo ganin gida. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, ya zaro biro, ya buɗe shafin ƙarshe. Sai ya ɗaga kai.

"Malama, ina sauran?"

"Wane saura, ranka ya daɗe?"

"Wanda ka hitowa. Dole shi hito. Daidaiton ga ba shi ƙetarewa kwantam lahiya, karyewa shikai, kuma an auna hakan an gani. Sauran nan shi na aika ki nema."

Taiba ta dubi sifilinta. Wato abin da ta kwashe watanni tana kora kamar akuyar maƙwabta, shi ne amsar? Ta buɗe baki za ta ce ai ta same shi tun tuni, sai ta tuna tambayar da za ta biyo baya. Kunya ta rufe ta.

"Da kin kawo shi, da yanzu na sa hannu," in ji Dakta a hankali. "Amma wanga sihilin, nuna mini layin da yah haihe shi."

Ta san layin sarai. Yatsanta ya tafi kan layin da kansa, tun kafin ta yanke shawara. Dakta ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mai da bironsa aljihu.