Barcin da Ba Shi da Rasit

Ina da wani ɗan hali wanda matata ke kira rowa, ni kuma nake kira tsari: ba na son biyan kuɗin wurin kwana. Abinci zan biya, mai zan biya, ko a jikina. Amma a ce in miƙa wa wani ƙato kuɗi don in rufe idona a cikin motata, a kan katifata, wannan yana ci mini rai. Tun da muka sayar da gidanmu na Toledo muka koma zama a mota, ni da Lorna, ban taɓa biya ba. Mun kwana a harabar manyan kantuna, mun kwana a dajin gwamnati, mun kwana a bayan coci. Idan muka haɗu da 'yan'uwanmu mazauna mota ana hira, da wannan nake buɗe baki, kamar yadda wasu ke buɗewa da labarin jikokinsu.

Lasisin tuƙina ne ya tayar da ƙura. Na jihar Ohio ne, kuma zai mutu ranar zagayowar haihuwata, wata Juma'a a ƙarshen Oktoba. Ba a sabunta shi sai da adireshi, adireshin da ke jikinsa kuwa ya zama na wasu ma'aurata da suka sare bishiyar da na dasa. Lorna 'yar Chicago ce, a bas da jirgin ƙasa ta girma, ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Aikinta a motar shi ne nuna hanya da yin sharhi. Ke nan ranar da lasisina ya mutu, ɗakin kwananmu da kicin ɗinmu da komai namu zai tsaya cik a duk inda ranar ta same mu.

Dole mu zaɓi jihar da za mu ce mu 'yan can ne. Mazauna mota jihohi uku suka sani: Texas, Florida, Dakota ta Kudu. Kowa da tasa, kuma kowa yana kare tasa kamar uwarsa ce ta haife ta. Tun bazara nake tambaya. A wani daji a Wyoming muka yi maƙwabtaka da Orval Tuttle, tsohon direban tirela mai tumbi, wanda ya ɗauke ni a matsayin aikin da aka ba shi.

"Texas, mutumina," ya ce, yana juya nama a kan garwashi. "Ka je Texas ka huta. Mutanen kirki."

"An ce inshorar mota ta fi sauƙi a Florida."

"Wa ya ce? Florida wurin da ake zuwa jiran mutuwa? Kai da sauranka, ko da yake ba da yawa ba."

"Dakota fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Dakota ta ragwaye ce. Kwana ɗaya tak za ka yi a jihar, gari na wayewa ka zama ɗan ƙasa. Ka kama hayar akwatin wasiƙa, ka kwana, ka kai musu rasit, su ɗauke ka hoto."

Lorna ta leƙo ta tagar mota. "Ta ragwaye ka ce? Wendell, an samo mana jiha."

Duk da haka sai da na cinye bazara da kaka ina auna su. Idan na kwanta a kan Texas, sai in tashi a kan Florida. Na riƙa tunanin likita, da haraji, da inda za a kira ni zaman kotu, har da inda za a binne ni. Da satin ƙarshe ya shigo, sai taswira ta yanke mana hukunci: Dakota ce kaɗai za mu iya isa kafin Juma'a.

Mun shiga jihar ranar Laraba da rana. A wani ƙaramin gari muka kama hayar akwatin wasiƙa, a wani shago da ke tsakanin mai gyaran taya da mai sayar da abincin karnuka. Aka nuna mana wani ɗan gurbi a jikin kanta, ko takalmina ba zai shiga ba.

"Ga gidanmu," Lorna ta ce. "A ina zan sa labule?"

Saura kwana. Ta nuna mini allon wani sansanin matafiya a bakin hanya, na yi kamar ban gani ba.

"Orval ya ce rasit, Wendell."

"Hujja suke so, ba rasit ba. Rasit ai hujja ce kawai. Hujja kuwa iri-iri ce."

"Yaushe ka zama lauya?"

"Ki dai zuba ido."

Na kai mu wani fili a bayan rumbunan hatsi, kyauta, ga iska. Da rana za ta faɗi na ɗauki hoton motar, da hasumiyar ruwan garin a bayanta, sunan garin ɓaro-ɓaro a jiki. Da ta fito na sake ɗauka daga wuri guda. Na haɗa da rasit ɗin man da na sha jiya da na kofin da na sha da safe. A ganina ko kisan kai aka yi a daren, da wannan hujja na fita daga zargi.

Ofishin lasisi ɗaki ɗaya ne a ƙasan ginin ƙaramar hukuma. Matar da ke kan tebur, wata dattijuwa mai suna Misis Dykstra, ta karɓi takarduna tana jera su ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Sai ta miƙo hannu.

"Rasit ɗin masauki fa?"

Na miƙa mata waya. Ta gyara zama ta duba hoton farko, ta duba na biyu, ta daɗe a kansa.

"Kai, wannan fitowar rana ta yi kyau. Bayan rumbunan Schaefer ne ko?"

"Nan ne. Kin ga ke nan na kwana."

"Ni na yarda ka kwana, yallaɓai. Fuskarka ma ta nuna. Amma ba ni za ka gamsar ba. Otal, ko masauki, ko sansani, da sunanka a rubuce."

"To daren jiya fa?"

"A wurinmu ba ka yi shi ba."

Na ce mata lasisina gobe zai mutu.

"To ka kwana yau, ka zo gobe. Amma ka zo da wuri, ranar Juma'a da tsakar rana muke rufewa." Ta dube ni da tausayi. "Ka dai san lokacin farauta ne?"

Ban sani ba. Sai da muka fito na lura da abin da idona ya yi ta tsallakewa tun jiya: garin cike yake da maza masu hula ruwan lemo, da akori-kura, da karnuka masu dogayen kunnuwa. Kajin dajin nan masu dogon bindi ake harbi, kuma daga ko'ina a ƙasar ake zuwa.

Masauki na farko a cike. Na biyu, yarinyar da ke kan kanta dariya ta yi, ta ce tun bara aka kama ɗakunan. Muka tafi gari na gaba, haka. Na gaba da shi ma haka, har da karnuka a kwance a baranda, kowanne ya fi ni matsayi. Sansanonin kuwa duk an ɗaure su da sarƙa, an zubar da ruwan famfo saboda ƙanƙara na tafe. Duk motar 'yan sanda da ta wuce sai in ji kamar gobe ta riga ta yi.

A masauki na ƙarshe na ajiye girman kai. Na ce wa mai wurin, wani siriri mai tauna tsinke, "Maigida, ba ɗaki nake so ba. Zan biya kuɗin ɗaki cif, in kwana a motata a can gefen bola. Rasit kawai za ka rubuta mini."

"Rasit na wane ɗaki?"

"Kowanne."

"Kowanne da mutum a ciki, baba. In rubuta mutum biyu a gado ɗaya? Matan mutane na duba waɗannan abubuwa."

Na koma mota na zauna. Lorna ta buɗe gwangwanin gyaɗa, ta ci, ta rufe.

"Shekara da shekaru kana gudun biya," ta ce. "Yau ga ka kana bin mutane da kuɗi suna gudu."

"Lorna, don Allah."

"Ban ce komai ba, tsoho. Ina kallon ikon Allah ne."

Ita ce dai ta hango allon, wani katako da ya kusa ruɓewa, da kibiya mai nuna wata hanyar tsakuwa. Muka bi ta har bakin wani tafki. Nan ma sarƙa. Amma a bayan sarƙar ga wani tsoho zaune a kan bokiti yana fige tsuntsu, gashin na tashi a iska. Sunansa Harlan Zeeb, shi ne mai wurin. Na tsaya a bakin sarƙa da hulata a hannu na zayyana masa komai, tun daga Ohio.

Bai ɗago ba. "Mun rufe."

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ba ruwa. Ba wuta. Banɗaki na ƙulle, makullin na wurin 'yata."

"Ba ma buƙata."

"To me za ka biya?"

"Ƙasa," na ce. "Ƙasar da zan tsaya a kai."

Sai a nan ya dube ni, ya dubi motar, ya dubi Lorna.

"Madam, mijinki ne?"

"Haka aka ce mini."

"Ba na ragi don an rufe," ya ce. "Kuɗin bazara za ka biya."

Na biya nan take, har ina godiya. Ya goge hannu a wando, ya shiga wata 'yar bukka ya daɗe yana buruntu, ya fito da littafin rasit da ya sha ruwa. Na tsaya a kansa ina faɗa masa sunana harafi-harafi, Prochaska, don kowa sai ya ɓata shi. Ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Wani ɗan gashin tsuntsu ya manne a gefen takardar da jini. Ban yarda na cire shi ba, kada ta yage.

Wannan shi ne dare ɗaya tilo da na biya a rayuwar motarmu, kuma ban runtsa ba. Na yi ta lissafin abin da zai iya faruwa: mota ta ƙi tashi saboda sanyi, tsohon ya mayar da sarƙa ya tafi farauta da makulli, Misis Dykstra ta tashi da mura. Lorna kuwa ta yi barcinta har da minshari, ta ce ai an biya.

Mota ta tashi. Sarƙa na ƙasa inda ya bar ta. Kafin a buɗe ofis muna bakin ƙofa.

Misis Dykstra ta ɗaga rasit ɗin da yatsu biyu, ta kalli gashin, ta kalli sa hannun.

"Harlan ya buɗe maka? Lallai ka ba shi tausayi." Ta ajiye shi a kan sauran. "Yanzu ka kwana."

Ta turo mini wata takardar rantsuwa. A ciki zan shaida cewa Dakota ta Kudu ce jihata, kuma duk yawon da na yi, nan nake da niyyar dawowa. Na tsaya da alƙalami a sama. Na tuna gurbin kanta, da iskar bayan rumbuna, da mai tauna tsinke.

"Sa hannu, Wendell," Lorna ta ce a kunnena. "Ka yi alkawarin da ya fi wannan a coci."

Na sa. Aka tsayar da ni jikin bango aka ɗauki hoto. Misis Dykstra ta duba kwanan haihuwata ta yi mini barka, har ta ciro alewa daga aljihun tebur ta ba ni. A karon farko tun bazara na ji hankalina ya kwanta. Na fara yi mata hira. Na ce ai ni tun farko Dakota ce a raina, Texas da Florida ban taɓa ɗaukarsu da muhimmanci ba.

"Madalla," ta ce. "Saura abu ɗaya, gwajin ido. Kana wucewa in buga maka katinka. Sa goshinka a nan, ka karanta mini layi na huɗu."

Na sunkuya na kafa goshi a jikin na'urar. Haske ya kawo a ciki. Na gyara murya, na karanta da ƙarfi yadda har na bayan layi za su ji ɗan jiha na magana.

"B, S, O, Z, S, B."

Na ji Misis Dykstra ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"Sake dubawa, yallaɓai. Kada ka yi sauri."

Na sake dubawa, na ƙanƙance ido, na maimaita su yadda suke, ban canja ko ɗaya ba.

A layi na huɗu babu harafi. Duk lambobi ne.