Tagar Akuya Mai Amsa Tambaya Ɗaya

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma karatu ne ya jawo min. Barci ya kwashe ni ina haddace yadda kwamfuta ke tambayar adireshin shafin intanet, cewa a goshin saƙon akwai gurbin da take faɗin tambaya nawa ta ɗauko.

Sai ga ni a wani gari da gidaje ke tashi su canza unguwa ba sallama. Ruwa na fitowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya juya lemarsa. Gidanmu ya rabe biyu. Ɗaki ya yi gabas da Iya, mahaifiyata, falo ya yi yamma da 'yata Nusaiba.

A ofishin neman adireshi akuya ce a taga, da tabarau. Duk wanda ke layi ya rubuta yawan tambayarsa a goshi da alli. Na rubuta biyu: ina Iya, ina Nusaiba.

"Saƙonka ya lalace," in ji akuyar. "Koma baya."

"Ranki ya daɗe, gurbin nan yana ɗaukar fiye da dubu sittin. Na karanta!"

"Yana ɗauka. Ba ma amsawa dai."

"To don me aka yi shi da faɗi haka?"

"Kakanninmu ne suka yi. Sun zaci za mu yi ƙoƙari." Ta ciji gefen tebur. "Malam, kai ɗaya gare ni. In an samu wannan an rasa waccan, gyaɗawa zan yi ko girgizawa?"

Kaina ya ɗaure. Na goge, na rubuta ɗaya, na zuba sunaye biyun da numfashi guda. Bunsuru mai gadi ya ƙirga da kofato, ya tunkuɗe ni cikin ladabi.

Sai ga ni a ƙarshen layi, wandona ya jiƙe daga ƙasa. Da na sake isa taga, na gwada rubuta sifili. Akuyar ta dube ni, na dube ta, ta yi min sannu da zuwa.

Can nesa na hango ɗakin da falon suna ƙara nisa, kowanne ya zama kamar kwalin ashana. Tsoro ya kama ni sosai. Akuyar ta fara jawo taga.

"Ɗaya!" na ce.

"Wa?"

Bakina bai yi shawara da ni ba. "Nusaiba."

Ta gyaɗa kai, ta lashe allin goshina, ta shiga buga tebur da ƙaho: ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na farka. Iya ce ke ƙwanƙwasa ƙofa da ludayi, kofin koko a ɗaya hannun.

"Tasi'u, tun ɗazu kake ihun Nusaiba, ai ta tafi makaranta. Ni kuwa na kasa kunne, ko sau ɗaya ban ji an neme ni ba."

Ta ajiye kofin ta fita tana dariya. Har kokon ya huce ban iya ɗaga kai ba.