Jirgin Biyar da Rabi

Duk mutumin garin Dover na Ingila da ya ce maka yana son ƙarar hoba ƙarya yake yi, in ka cire Arnold Hogben. Jirgi ne da ya ƙi zama na ruwa, ya kuma ƙi zama na sama. Sai ya hura iska ƙarƙashinsa, baƙin siket ɗinsa na roba ya kumbura, ya ɗaga da mutum ɗari huɗu da motocinsu, manyan fankoki huɗu na ihu a kansa, cikin minti talatin da biyar ya dire su a Calais ta Faransa, rabinsu sun yi amai. In ya dawo ya haye dakalin simintin tasha, duk tagogin layinmu sai sun amsa.

Shekara ashirin da shida Arnold ya yi yana facin siket ɗin nan. Shi ya sa maƙwabciyarsa Gladys Tritton, wadda bango ɗaya ya raba gidanta da nasa, take kiransa tela. Ita ce kuma mai yawo gida-gida da takardar ƙorafi kan ƙarar jirgin. Ba ta taɓa gajiya ba, ba a kuma taɓa sauraronta ba.

A duk shekarun nan, saukar jirgin biyar da rabi ita ce tashinsa daga aiki. Matarsa Doreen ba ta duba agogo. Da kofunan da ke rataye a kabad ɗin kicin sun fara karo da juna, sai ta ɗora buta a wuta, ta leƙa taga ta hango farin feshin ruwa a bakin tasha. Kafin shayi ya jiƙu, Arnold ya hawo tudu ya iso gida.

Shekara biyu ke nan da ya ajiye aiki, saboda ciwon mantuwa ya kama Doreen. Da safe in ya kawo mata burodi sai ta gyara wuyan rigarta ta ce, "Na gode, bawan Allah." Wuni guda bawan Allah ne shi a cikin gidansa. Amma ya gano wata dabara. Biyar da kwata sai ya saka tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan lemo, ya sulale ta ƙofar baya, ya zagaya ya zauna kan katangar ƙarshen layi. Jirgi ya sauka, kofuna su yi karo, ya ƙirga minti goma, ya shigo ta ƙofar gaba.

"Arnold! Da takalman nan za ka taka mini kafet? Ji wari, sai ka ce tsohuwar taya."

Na sa'a ɗaya, wani lokaci har da 'yan mintoci, yana da mata. Ta yi masa faɗa, ta zuba masa sukari cokali biyu ba tare da ta tambaya ba, ta ba shi labarin mutanen da suka daɗe a kabari kamar jiya ta gan su a kasuwa. Daga nan sai ta sake ɓace masa. Ranar da teku ta yi fushi aka hana jirgi tashi, ranar ba shi da kowa. Da babu gara ba daɗi, kuma don sa'ar nan kaɗai yake tashi da safe.

Sai aka ba da sanarwa cewa daga farkon Oktoba an daina aiki da hoba. Ramin jirgin ƙasa da aka haƙa ƙarƙashin teku ya kwashe fasinjoji, man da jirgin ke sha kuma ya fi ƙarfin masu shi.

Gladys ta leƙo ta kan shinge tana shanya. "To, tela, addu'ata ta karɓu. Sai ka nemi wata mai siket."

Tsoro ya kama Arnold.

Ranar ƙarshe ya gangara tasha da rediyonsa mai kaset. Gari duk ya fito, har da masu sa hannu a takardar Gladys, suna ɗaukar hoto suna share hawaye. Haka mutanenmu suke, sai abu ya mutu suke ganin kyansa. Arnold bai yi kuka ba, ya ɗaga rediyo sama ya naɗi ƙarar tun daga nesa har fankokin suka tsaya.

Washegari ya ɓoye rediyon bayan gwangwanin burodi, ya ƙure murya, ya yi zagayensa. Da ya shigo ya tarar da Doreen a takure, hannuwa a kunne.

"Bawan Allah, taimaka ka kashe mini abin nan."

Kwana uku yana gwadawa, buta ba ta hau wuta ba. A na huɗu Gladys ta tare shi a kan katanga.

"Kai tela, haukacewa ka yi? An raba mu da jirgi, ka ɗauko mana shi ka shigo da shi kicin?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gaya mata komai, yana kallon takalmansa.

"Shekara biyu ina kallon zagayen nan naka ta taga," in ji Gladys. "Na ɗauka giya kake zuwa sha a ɓoye." Ta fyace hanci. "Ku maza ba ku da kai. Kai kana can gindin jirgi, ina ka san yadda yake isowa gida? Ba ƙarar ba ce, kofuna ne."

Tana da wani tsohon injin wanki wanda in ya fara matse kaya har tafiya yake yi. Su biyu, tsoho da tsohuwa, suka ja shi suna nishi suna zagin juna har suka jingina shi da bangon da kabad ɗin Doreen ke manne a bayansa. Gladys ta cusa masa jiƙaƙƙen bargo guda ɗaya don ya fi tsalle.

Biyar da rabi yana kan katanga. Teku a kwance take, dakalin tasha babu kowa sai tsuntsaye. Ya ƙirga minti goma, ya ƙara ɗaya don tsoro, ya tura ƙofa.

Buta na tafasa a kan wuta. Kofi biyu a tebur. Murna ta kama shi. Da gangan ya taka kafet da takalmansa.

"Doreen, na dawo."

Tana tsaye a taga, ta ba shi baya. Da ta juyo, rigar ta kalla, ba fuskarsa ba.

"Daga tasha kake? Kofuna sun motsa, amma ban ga feshin ruwa ba. Jirgin bai shigo ba."

"Jinkiri aka ɗan samu. Doreen, ni ne."

"Arnold ba ya tashi aiki sai jirgi ya sauka." Ta faɗa masa a hankali, kamar mai gyara wa baƙo hanya. Ta sake leƙa tagar ta daɗe, sannan ta sauke buta.

A bayan bango injin ya yi tsallensa na ƙarshe ya tsaya. Kofuna suka yi shiru. Gladys ta ƙwanƙwasa bangon sau biyu tana neman labari.

Doreen ta ja masa kujerarsa ta shekara arba'in.

"Zauna ka sha nasa, bawan Allah, kada ya huce. Sukari cokali nawa kake sha?"