Ƙanƙara a Kan Katifar Auta

Tun ranar da ƙanin mijina ya sayo motar nan mai ɗaki a ciki, ba mu sake jin wata hira a gidan ba sai ta bututu. Matar wa ba ta kiran sunan ƙanin miji, don haka Auta nake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Motar tsohuwa ce, wani Bajamushe ne ya gaji da ita aka turo ta nan garinmu, Bishkek. Amma akwai gado, akwai murhu, akwai famfo, da ɗan banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Auta bai yi aure ba. Na ce masa ai ga amarya nan ya samu mai ƙafa huɗu, ba ta da dangin da za su zo su cinye mana nama.

"Matar Yaya, ke dai ba ki san darajar abu ba," in ji shi.

Da sanyi ya kama sai hidima ta tashi. Ya kwanta a ƙarƙashinta ya zubar da ruwan tanki, ya buɗe kowane famfo, ya kawo injin ba taya iska ya hura bututun har suka riƙa fito. Sannan ya naɗe su da tsohon bargon gashin tumaki na mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sha karatu. Wai ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ko cokali ɗaya ya maƙale a lanƙwasar bututu to sai ya fasa shi. Mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba, ga shi yana goge gindin tanki da tsumma.

A tsakiyar hunturun nan Baba, surukina, ya kwanta ciwo. Mijina yana Mosko wurin aiki, ni ke jinya. Baba ya rame, ya daina cin abinci, ruwa ma sai an lallashe shi. Wata safiya ya kira Auta.

"Ermek, ina son ruwan maɓuɓɓugar nan da ke kusa da gidanmu na ƙauye. Ka je wurin Toktokan, ka ce ni na aiko ka. Ka tafi da Jipar, kai kaɗai shirme za ka yi."

Ermek shi ne Auta, Jipar kuwa ni ce. Gwaggo Toktokan ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a ƙauyensu, can gaba da garin Narin. Na bar wa 'yata jinya muka kama hanya. Auta sai murna yake, amarya za ta ga dangi. Ya kunna hita, motar ta yi ɗumi kamar ɗakin mai jego, ya ajiye robobin ruwa biyu a gefen kujera.

Gwaggo ta tarbe mu da shayi da burodi da man shanu. Ba ta bari an yi maganar aike ba sai da ta ga mun ci. Sannan Auta ya fito da robobinsa ya dire a gabanta.

"Waɗannan na mene ne?" ta tambaya.

"Na ruwan Baba ne, Gwaggo. Zai kai shi sati yana sha."

Sai ta juyo ta kalle ni. Wallahi kafin ta buɗe baki gabana ya faɗi.

"Ermek, ka girma amma har yanzu yaro ne kai. Ubanka ba ƙishirwa yake ji ba. Da ruwan maɓuɓɓugar nan aka yi wa ubanmu wankan ƙarshe, da shi aka yi wa uwarmu. Nasa yake nema."

Auta ya ce, "Ai likita ya ce..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki roba ɗaya, ya juya ta a hannu, ya mayar. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Gwaggo ba ta son a zauna ana jimami. Ta miƙe da sandarta ta ce an gaya mata motar har tanki gare ta, mu je ta gani. Muka tallafa mata ta hau. Ta shafa labule, ta leƙa banɗaki ta girgiza kai, sannan ta murɗa famfo. Famfon ya yi tari, ya tofo wani ɗan ruwa a tafin hannunta. Ta kai hanci.

"Subhanallahi! Jipar, zo ki sansana mini, ko hancina ne ya tsufa?"

Hancinta lafiya lau. Giya ce, bodka tsagwaronta.

Auta ya fara in-ina. Wai bodka ba ta daskarewa, wai duk abokansa na gareji haka suke yi, bayan an zubar da ruwa sai a ɗura kwalba biyu a tanki a zagaya da ita cikin bututu. Wai maganin da Turawa ke zubawa yana barin ɗaci.

"Ni fa ba na sha, Gwaggo. Motar ce."

"Ka ji ko!" na ce. "Mu muna yaba ta ba ta yawo, ashe amarya a ɗaki take bugu."

Gwaggo ta goge hannunta da dusar ƙanƙara har ya yi ja. Ta ce ko sau nawa za a ɗauraye tankin nan, ruwan wankan ɗan'uwanta ba zai shiga ba. Auta ma bai yi musu ba. Ya ce ko da tankin mai tsarki ne, a ƙarƙashin mota yake, kafin mu haye dutsen Dolon ruwan ya daskare ya tsaga shi, mu isa gida da tanki fanko.

Muka shiga neman mazubi. Jarkokin Gwaggo warin gas suke, na maƙwabta kuwa nonon goɗiya mai tsami ya kama su tun bazara. Bokitai ba su da murfi, kuma hanyar nan ko tuwo ka ɗauko sai ya zube. Ga sama ta fara haɗuwa, wani direba ya ce in dusar ƙanƙara ta sauko za a rufe dutsen.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa abin yi. Can sai ya ƙura wa wani baho ido a gefen murhu, inda wani farin dunƙule ke narkewa a hankali.

"Gwaggo, ke da me kike ɗebo ruwa da hunturu?"

"Da gatari mana. Da me?"

Haka muka gangara idon ruwan. Bakinsa na ɓuɓɓuga yana tururi, amma kududdufin da ke ƙasa ya daskare tas. Auta ya yi bisimilla ya hau sara. Bai iya gatari ba, sau biyu yana zaune daɓas, amma bai bari na karɓa ba. Muka naɗe dunƙulen cikin farin ƙyalle, muka zuba a wankakkun buhunan gari.

Sai kuma maganar wurin ajiya. Auta ya ce banɗaki, don in ta narke ruwan ya bi rariya. Gwaggo ta yi masa kallon da ya sa ya haɗiye sauran. Ya ce to a ɗaure a bayan mota, ta ce ba zai sha hayaƙi da laka ba. Sai ta nuna gado da sandarta.

Katifar nan fa, ko ni ba ya bari in zauna a kai da rigar waje. Ya kalle ta, ya shimfiɗa leda, ya jera buhunan ɗaya bayan ɗaya. Da muka shiga gaba muka zauna, ya miƙa hannu da kansa ya kashe hita.

Kai, na sha sanyi a rayuwata, amma ban taɓa shan irin na ranar nan ba. Numfashinmu ya daskare a jikin gilashi, ni ke kankarewa da murfin kofi don ya ga hanya. Haƙorana na haɗuwa, amma bakina bai mutu ba.

"Auta, ba kai ne babban maƙiyin ƙanƙara a Bishkek ba? Yau ga ka ka kwantar da ita a gadonka, kana tuƙa ta kamar matar gwamna."

"Matar Yaya, don Allah je ki taɓa. Ba ta jiƙe ba ko?"

Na je na taɓa, tana nan daram. Da muka sauko kwari rana ta fito, sai ya sauke gilashi don sanyi ya shigo. Na ga yana share ido da bayan hannu, ya ce iska ce. Wannan karon ban tsokane shi ba.

Mun isa kafin magariba. Auta ya ɓanto ɗan guntu ya kai wa Baba a faranti. Baba ya sa a baki, ya rufe ido, ya daɗe yana tsotsa.

"Shi ne," ya ce. "Toktokan ta ba ka da yawa?"

"Ta ba ni, Baba."

"To a ajiye."

Muka ajiye buhunan a rumfar da ke bayan gidan, inda rana ba ta kaiwa. Auta ya kwanta a ƙarƙashin motarsa ya kwance bargon mahaifiyarsa daga bututun, ya zo ya lulluɓe su da shi. Daga ranar, kullum da safe sai ya fita ya dubi sama. In aka ce gobe za a yi sanyi sai ya ce alhamdu lillahi, maƙwabta suna yi masa kallon wanda ya taɓu.

Baba kuwa kullum sai ya ce a ɓanto masa guntu. Daga guntu ya koma romo, daga romo ya koma tambayar wa ya cinye masa tsokar da ke ciki. Hunturu ya ja jiki ya wuce, indararo ya fara ɗiga. Wata rana Auta ya shigo ɗakin a rikice, hannun rigarsa sharkaf. Baba na zaune a gado yana yagar burodi.

"Baba, ƙanƙarar nan narkewa take yi. Na sa baho a ƙasa, amma ba za ta kai sati ba."

Baba ya ajiye burodin ya dube shi sama da ƙasa.

"To ya kake so a yi? In yi sauri?"

 Ni dai na toshe bakina da gefen ɗankwali.

"Jipar, ɗora tukunya, a dafa mana shayi da ita," in ji Baba. "Kai kuma baɗi sai ka koma ka saro wata. Kafin nan ka yi wa matarka faɗa ta daina sha."

Auta ya zauna a bakin gadon yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya kama hannun Baba ya ƙi saki. Da na kawo shayin, da hannu ɗaya kowannensu ya karɓa.