Kwamitin Tarbar Sababbin Malamai

Sai da na shekara ashirin da uku ina koyar da tarihi a jami'a kafin a ba ni muƙami, muƙamin kuwa shi ne shugaban kwamitin tarbar sababbin malamai. Kwamitin mutum ɗaya ne, wato ni. Shugabar sashenmu ta ce gogewata ta duba ta zaɓe ni. Daga baya sakatare ya tsegunta mini cewa duk wanda aka tuntuɓa kafin ni ya ƙi.

Na ɗauki abin da zafi. Mako biyu na yi ina rubuta ɗan littafin nasiha, shafi arba'in da ɗaya. Matata ta karanta shafin farko, ta tambaye ni ko waɗanda za a ba sun yi mini wani laifi ne.

Ranar Litinin da ƙarfe goma ya kamata sababbin malamai uku su iso. Na shiga ɗakin taro da littattafaina a hammata, na tarar da mutum ɗaya tsaf-tsaf da baƙar jaka, ya ɗaga kai yana kallon sama. Na ce a raina, ga mai zurfin tunani. Na zaunar da shi, na zuba masa shayi, na fara daga shafi na ɗaya. Sau biyu yana buɗe baki ina ɗaga masa hannu, har na gaya masa cewa sauraro shi ne darasin farko na malami. Ina shafi na tara ya samu ya sa baki.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi, "ni fanka aka ce in zo in gyara."

Ashe saboda fankar aka mai da taron ɗakin da ke gaba, an kuma manna takarda a ƙofa, ni ne ban karanta ba. Kafin in isa can sakatare da matar da ke share mana ofis sun gama aikina: sun nuna wa baƙin inda ake ajiye makullai, da injin kwafin da ke aiki, da kujerar da ba a zama a kanta. Na raba musu littafin, suka yi godiya. Bayan mako guda na ga kwafi ɗaya an tokare ƙafar tebur da shi.

A mako na uku aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ƙaramar cikin sababbin malaman ce, wata matashiya da bai fi wata shida da ta gama digirinta na uku ba, muna kiranta Dakta. Idonta ya yi ja. Ta ce ajin 'yan shekarar farko aka ba ta, mutum ɗari biyu. Lasifika ta mutu, na baya suka kama hira, wani ya yi mata tambaya ta ba da amsar da ba ita ba, aka kwashe da dariya, ta tattara takardunta ta fito saura minti ashirin a tashi. Ta ce tana ganin koyarwa ba aikinta ba ne.

Hannuna har ya kai kan littafin, don akwai babi guda a kan riƙe aji. Sai na dubi fuskarta, na ji kunya ta kama ni. Na janye hannun, na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba a sashen. Ranar da na fara koyarwa, ajin 'yan injiniya na faɗa bisa kuskure, na yi minti arba'in ina zuba musu tarihi suna rubutawa, malaminsu na tsaye a bakin ƙofa yana jiran in numfasa.

Da na gama sai ta ce, "Malam, ashe abin mai fanka tsohon ciwo ne."

Dariyarmu ce ta jawo shugabar sashe. Da ta ji dalili, ta ja kujera ta ba da nata: ta taɓa suma a gaban allo. Tsohon farfesanmu, wanda ko gaisuwa da ka yake amsawa, ya leƙo ya ce shi zangon karatu guda ya yi yana kiran wani sarki da sunan jikansa. Tun daga ranar muke haɗuwa duk Alhamis da la'asar, da shayi, kowa ya kawo ɓarnar da ya yi a makon, a yi dariya, a nemi mafita. Ni ban taɓa zuwa hannu rabbana ba.

Dakta ta roƙe ni in zauna a bayan ajinta, na zauna sau uku, surutun ya lafa. Sannan ta ce ita ma za ta zo nawa ta koya. Na amince, ina ta hura hanci. Da aka tashi na tambaye ta abin da ta ƙaru da shi. Ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce darasin ya yi daɗi, sai dai allo ne ya fi kowa morarsa, don shi na fuskanta tun daga farko har ƙarshe.

Na kwana biyu ina jin haushinta. A darasin da ya biyo baya, ina tsakiyar rubutu na daure na juya. Hannu huɗu na gani a sama, ban kuwa san tun yaushe suke ɗage ba. Na ajiye alli, na nuna wata yarinya a layi na biyu, na ce ta yi tambayarta.