Inda Tawada Ta Tsaya

"Zanin nan ba za a kwance shi ba," in ji Simanu. "Ta duba bayan, ai shi na kawo mata."

Likitar ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba, amma akwai haƙuri. Ta riga ta gama bin bayansa da yatsu, tana taɓa layukan pe'a ɗinsa, jarfar nan tamu ta mazan Samoa wadda ke farawa daga tsakiyar baya ta sauka har gwiwa. Duk inda baƙin layi ya bi, fatar ta taso da ƙulle-ƙulle masu tauri kamar ƙwayar wake, ba ruwa, ba ƙaiƙayi. Inda tawada ba ta taɓa ba kuwa lafiya lau.

"Baba, sai na ga inda abin ya tsaya," ta ce. "In ka fi so, abokinka ya jira a waje."

Na miƙe zan fita, ya cafke hannuna.

"Zauna, Sumul. Ka rufe ƙofa. In ka yi dariya, yau kai za a kwantar a asibitin nan."

Sumul shi ne sunan da ya laƙaba mini. Sunana Peniamina, kowa a unguwarmu ta Mangere, nan ƙasar da muka yi ƙaura daga Samoa, Peni yake ce mini in ban da shi. Shekara talatin da ɗaya shingen waya kaɗai ya raba gidana da nasa, kuma tsawon shekarun nan bai taɓa barina na manta cewa jikina babu ko ɗigon tawada ba. Ranar Lahadi in muna gasa gwaza da naman alade a kan duwatsu, sai ya tuɓe riga ya juyo mini da baya da gangan. "Matsa daga wuta, Sumul, kar fatar jariran nan ta ƙone." Yara su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni ma in yi, amma Allah ya sani abin yana ci mini rai.

Ya fi shekara yana ɓoye ciwon. Matata Sieni ce ta fara lura ya daina tuɓe riga, kuma matakala ukun ƙofarsa sai ya tsaya ya huta a ta biyu. Ya je wajen wata mai tausa da ganye a unguwar Otara har sau shida, ba abin da ya canza. Matarsa ta rasu, ɗansa guda ɗaya yana can birnin Birisben a wata ƙasa, saboda haka ni na zame masa ƙarfen ƙafa har ya shiga motata.

Ya kwance zanin a hankali, idonsa a kan bango.

Cinyar dama baƙa ce ƙirin har gwiwa, ƙulle-ƙullen sun bi ta su ma. Cinyar hagu kuwa, daga taƙi ɗaya a ƙasan ƙugu, babu komai. Fata ce fes irin tawa. Cibiyarsa ma, inda ake rufe aikin da bugun ƙarshe, ba a taɓa ta ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kullum yake ɗaura zani can sama kamar mai ciki, ya sake shi har idon sawu, da dalilin da ya sa bai taɓa tashi rawa ba a kowane biki, wai shi dattijon coci ne.

Likitar ba ta san ma'anar abin da ta gani ba. Cewa ta yi, "Ka gani, nan da babu zane babu ciwo. Wannan ya taimaka mini." Ta yi masa allurar kashe zafi a kafaɗa, ta ɗebi ɗan yankin fata da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ta yi ɗinki ɗaya. Ta rubuta masa hoton ƙirji, gwajin jini, gwajin bugun zuciya, da duba ido.

A mota na kafa ido a kan titi har muka wuce fitila uku. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. A wajenmu gara mutum ya zauna sumul irina da a ce ya fara pe'a ya gudu. Wannan abin kunya ne da ke bin mutum da danginsa har kabari. Amma ni ba kunyarsa ce ta dame ni ba, shekara talatin da ɗaya na tsiya ce ta tsaya mini a wuya.

"Faɗi mana," ya ce. "Na ga bakinka yana motsi."

"Kai ko kunya ba ka ji ba? Kullum Sumul, Sumul. Ashe kai rabin Sumul ne."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa, ya ba ni labari yana kallon titi. Shekararsa goma sha tara, a ƙauyensu a tsibirin Savai'i, can Samoa. Kwana bakwai yana kwance a tabarma ana buga masa tawada da ƙashi mai haƙora, maza uku suna jan fatar. Rana ta takwas da safe ya ji ƙarar sandar mai zanen jarfar tana gwaji, ƙwas, ƙwas, sai ƙafafunsa suka ɗauke shi ta bayan gida har bakin jirgin ruwa. Ubansa bai sake kiran sunansa ba har ya mutu.

"Tsiyar da nake maka," ya ce, "in ina maka, ba mai kallon ƙafata."

"To yanzu fa?"

"Yanzu tawadar ce ta tashi tana neman cikonta. Mai zanen ya yi mini baki, na sani. Ni duk wannan bai dame ni ba, uso. Lafaele ne."

Uso muke ce wa ɗan'uwa, kuma bai taɓa kirana da shi ba sai ranar. Lafaele ɗansa ne. Shekara takwas da suka wuce yaron ya je gida Samoa aka yi masa nasa pe'a cikakke, Simanu na zaune a kansa tun daga ranar farko har ta ƙarshe. A wajen walimar, Lafaele ya tashi gaban jama'a ya ce da ba don yana tuna ubansa ya jure ba, da bai kai ba. Ina wurin, har tafi na yi.

"Kar ya sani," in ji Simanu. "Ko ina raye ko na mutu."

Bayan mako biyu muka koma. Likitar ta ce an duba fatar a madubin awo, ba kuturta ba ce, ba tarin fuka ba, ba ciwon daji ba. Sunan ciwon sarkoidosis. Ta sa shi ya maimaita har sau uku, ya ƙare da kiransa "sarkon nan". Ta ce sojojin jiki ne ke taruwa su dunƙule ba gaira ba dalili, kuma suna son tsohon tabo da tsohuwar jarfa, ko ta shekara hamsin ce. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma har yau ba a san abin da ke tayar da shi ba.

"Ba a sani ba?" Simanu ya dube ni. "Ka ji ko? Ni na sani."

"Baba, wanda aka gama wa nasa tsaf shi ma yana samu," ta ce. "Na ga irinsu biyu."

Wannan maganar ta shige shi. Ya murza hular da ke hannunsa, can ya ce, "Cikakke? Har cibiya?" Ta ce har cibiya. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Sai dai ba a fata kaɗai abin ya tsaya ba. Hoton ya nuna shi a huhu, kuma bugun zuciyar yana tsallake. Fatar, in ji ta, ita ce mai sauƙin. Aka ba shi man shafawa mai ƙarfi, aka yi wa manyan ƙulle-ƙullen allura ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, wasu kullum da safe, wasu sau ɗaya a mako. Likitan zuciya kuma ya ce in bugun bai daidaita ba za a sa masa 'yar na'ura a ƙirji.

Hannunsa ba ya kai wa baya, don haka shafa mai ya zama aikina. Kullum ƙarfe bakwai in tsallaka shinge da kofin koko a hannu, ya kwanta rub-da-ciki a tabarmar falo, in bi layukan da yatsa. Ƙwayoyin suka kumbura masa fuska ta zama kamar faranti, suka buɗe masa ciki har ya riƙa leƙo tukunyar Sieni ta taga.

"A hankali, Sumul, ba motar bas kake wankewa ba."

"Rufe mini baki, rabin aiki. Juyo da ta daman."

"Ta hagun fa?"

"Ita ai lafiyarta ƙalau. Ita kaɗai ce mai hankali a jikinka."

Cikin wata biyu ƙulle-ƙullen suka kwanta, layukan suka dawo sumul, har sun fi da kyau. Ya sa ni ɗaukar bayansa hoto a waya ya tura wa Lafaele. Yaron ya kira nan take, na ji muryarsa yana cewa zai zo. Simanu ya ce a'a, ya zauna wajen aikinsa, ɗan ƙurji ne ya warke. Da ya ajiye wayar sai ya ce mini, "In ta faru, kai za ka sa wa gawata kaya. Kai kaɗai. Ka ce al'adar gidanmu ce, ka ce duk abin da ka ga dama." Na ce ya daina maganar banza. Ya ƙi sakin hannuna sai da na ce na yi alkawari.

Ranar Talata aka sa za a saka na'urar. Ranar Asabar kafin nan, da hantsi, Sieni tana shanya, ta hango shi zaune a ƙasa cikin lambun gwazansa, ya jingina da shinge, tiyo na zuba a gefensa. Ta ɗauka hutawa yake, har ta yi masa magana a kan ɓarnar ruwa. Kafin motar asibiti ta iso ya riga ya tafi. Na zauna kusa da shi a cikin laka, abin da na fara yi shi ne na ja zaninsa na rufe masa gwiwa.

Lafaele ya sauka washegari. Ranar sa kaya muka tafi gidan ajiye gawa da farin kwat ɗin coci, sabon zani, da kwalbar man kwakwa. A bakin ƙofar ɗakin na tsaya na tare hanya.

"Ka jira a nan, ɗana. Babanka ya ce ni zan yi."

"Kawu Peni, ubana ne."

"Na sani. Alkawari na yi masa."

Ya dube ni. Ƙato ne, ya fi ni tsawo da kai guda, amma idonsa na yaron nan ne da nake ɗauka zuwa makaranta in ana ruwa. "Mama ta rasu ina jirgi," ya ce. "Shi ma ya hana ni zuwa. Wannan ma za a hana ni?"

Na nemi ƙaryar da zan yi, ban samu ba. Alkawari na yi, kuma na karya shi, ban da wani abin kare kaina. Na matsa gefe.

Ya fara daga kafaɗu, yana zuba man a tafin hannu yana shafawa. Da ya iso ƙugu na ce bari in ƙarasa, bai ko saurare ni ba. Ya janye farin mayafin da aka rufe gawar da shi.

Ya tsaya yana kallon cinyar hagu. Ba abin da nake ji sai ƙarar injin sanyi.

"Kwana nawa ya yi?" ya tambaya.

"Bakwai. Shekararsa goma sha tara."

"Kai ka sani?"

"Wata huɗu ke nan. Tsoronsa ɗaya a duniya kar ka gani."

Lafaele ya ɗage nasa zanin, ya ɗora yatsa a cinyarsa ta hagu, taƙi ɗaya a ƙasan ƙugu, daidai inda na ubansa ya tsaya.

"Da aka zo nan," ya ce, "kaina yana kan cinyarsa. Ina kuka, Kawu, kuka sosai, ina cewa a bar ni haka. Sai ya sunkuyo ya ce mini a kunne, 'Duk zafin da ka sha zuwa nan na san shi. Daga nan kuma kai ne a gabana.' Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kwana biyar ya ƙara yana riƙe da kaina. Bai tashi ba ko sau ɗaya."

Hawaye ya zubo mini.

Ya karɓi kwalbar daga hannuna, ya cika tafinsa da mai. Ya shafa cinyar dama har baƙin ya yi sheƙi. Sannan ya zagayo ɗaya gefen teburin, ya ƙara mai, ya fara daga inda tawadar ta tsaya, yana sauka a hankali har gwiwa.